Sabuwar bindiga: a wanke giris kafin halbin farko

Hirarmu ta wannan mako a kan sabuwar bindigar farauta take. Kai mai karatu, ko kai mahalbi ne, ko kana da mahalbi a gidanku, wannan magana ta shafe ka. Ka karanta a hankali. In ka gama, ka karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

A ce ka tara kuɗi shekara da shekaru. Ka samu takardar izini daga hukuma. Ka sayi sabuwar bindiga, ka buɗe kwalinta. Sai ka ga wani maiƙo mai kauri ya lulluɓe ƙarfen. Launinsa kamar na zuma, ko ya ɗan fi duhu. Yana danƙo a hannu, yana warin mai. Mutane da yawa suna ganin wannan maiƙo alamar sabunta ce kawai. Su goge bayan bindiga da gefen riga, su sa harsashi, su fita gwaji. Wannan ganganci ne babba. Mutum na iya rasa yatsu, ko ido, ko ransa, a halbin farko.

Ga maganar a taƙaice. Giris ɗin da aka shafa a masana'anta na ajiya ne da tafiya. Aikinsa ya ƙare ranar da bindiga ta shigo hannunka. Wajibi ne a wanke shi sarai kafin a yi halbi ko ɗaya.

Me ya sa ake shafa shi?

Babban maƙiyin ƙarfe shi ne tsatsa. Tsatsa na fitowa in ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. In akwai gishiri a wurin, sai ta ƙara sauri. Ko zufar hannunka akwai gishiri a cikinta. Shi ya sa wani lokaci kake ganin sawun yatsa ja a jikin adda ko wuƙa.

To, ka tuna nisan da bindigar nan ta yi kafin ta iso gare ka. Bindigogin farauta da aka saba gani a ƙasashenmu, daga Turai suke zuwa. Dattawa sun san Simplex mai baki ɗaya da Robust mai baki biyu, waɗanda kamfanin Manufrance ya riƙa ƙerawa a birnin Santetiyan na Faransa. Akwai kuma Baikal, ƙirar Rasha. Irin wannan kaya yana kwana a sito wata da watanni. Sannan a loda shi cikin jirgin ruwa, ya yi makonni a kan teku, cikin iska mai gishiri. Nijar ba ta da bakin teku. Shekaru da yawa kayanmu sun riƙa sauka a tashar Kotonu, jirgin ƙasa ya kai su Faraku, daga can manyan motoci su biyo ta Gaya. Daga Kotonu zuwa Yamai ya fi kilomita 1000. Daga Yamai zuwa Damagaram kuma kusan kilomita 900 ne. Da ba a shafa wa ƙarfe komai ba, da ya iso jawur da tsatsa.

Giris na rufe ƙarfe kamar yadda yaɓe ke rufe rumbu. Ba ruwa, ba iska, saboda haka ba tsatsa. Wanda ya fi suna cikin irin wannan giris shi ne Cosmoline. An fara yin sa a Amurka tun ƙarni na 19, kuma daga man ƙasa ake samun sa. A yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, an shafa shi a bindigogi da injuna da sauran kayan yaƙi kafin a ƙetare teku da su. An sha buɗe akwatunan tsofaffin bindigogi bayan shekaru da yawa, a tarar ƙarfensu lafiya lau a ƙarƙashin giris.

Wasu masana'antu na yanzu ba su shafa mai kauri. Ɗan mai mara nauyi suke fesawa. Ko da haka ne, doka ɗaya ce: a wanke tukuna.

Ina haɗarin yake?

Haɗari na farko yana cikin bututun bindiga. In aka ja kunama, albarushi na kama wuta cikin ƙiftawar ido. Hayaƙinsa ne ke tura dalma ta fita. Ƙarfin wannan turi ba wasa ba ne. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira bar. Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta kai bar 3 ba. Amma a bindigar farauta mai lamba 12, turin na iya kaiwa bar 700. Wato kusan sau 300 ke nan.

An ƙera bututu ya jure wannan ƙarfi in hanya a buɗe take. In giris ya daskare a ciki, dalma na tura shi gaba, ya taru ya zama toshiya. Hayaƙi ya rasa mafita. Sai bututu ya kumbura, ko ya tsage. A bindigar farauta, wajen baki ya fi sauran bututun matsi kaɗan, kuma ƙarfen can ya fi sirantaka. Ka tuna kuma inda hannunka na hagu yake lokacin halbi. Yana riƙe da bututun. Fuskarka kuma tana dab da gindinsa.

Haɗari na biyu yana mazaunin harsashi, wato wurin da harsashi ke kwanciya a gindin bututu. Lokacin halbi, kwanson harsashi na kumbura ya kama bangon mazauninsa. Wannan kamu na rage ƙarfin da ke komowa baya. In wurin na da santsi, kwanso ba ya kama bango. Sai ya doki marufin baya da ƙarfi fiye da kima. A hankali maƙallan bindiga su saki, ta fara girgiɗi tun tana sabuwa.

Haɗari na uku yana wajen allura. Akwai wata ƴar allurar ƙarfe da ke bugun tsakiyar gindin harsashi, ta ta da wuta. In giris ya daskare a raminta, tana iya yin nauyi, ta buga ba ƙarfi. Ka ja kunama, bindiga ta ƙi tashi. Ko kuwa allurar ta maƙale a waje. Sai ka sa harsashi, ka rufe bindiga, ta tashi da kanta ba ka taɓa kunama ba. In akwai yaro a gabanka fa?

Haɗari na huɗu na ƙasarmu ne. Mu muna da ƙura da rairayi. Lokacin hunturu iska na kwaso ƙura ta shiga ko'ina. Giris na kama ƙura kamar yadda danƙo ke kama tsuntsu. In suka haɗu sai su zama kamar dutsen wasa wuƙa. Duk buɗewa da rufewa suna cin ƙarfe. Bindigar da za ta kai jikanka sai ta lalace a hannunka.

Kafin ka fara

Abu na farko, takarda. Riƙe bindiga ba izinin hukuma laifi ne mai nauyi. Kada ka sayi bindiga a ɓoye, komai arharta. Farauta ma tana da dokarta. Akwai doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar. Akwai dabbobin da aka hana taɓawa sam, kamar raƙuman dawa na yankin Kure. Ka je wurin ma'aikatan kula da ruwa da daji su gaya maka abin da aka yarda da lokacin da aka yarda. Matambayi ba ya ɓata.

Abu na biyu, ka ɗauki kowace bindiga tamkar da harsashi a cikinta, ko da yanzu ta fito daga kwali. Ka juya bakinta wajen da ba mutum, ba dabba. Ka karya ta, ka duba mazaunin harsashi da idonka, ka sa yatsa ka taɓa. Sannan ka kwashe harsasai duka ka kai su wani ɗaki. Wurin wanke bindiga ba wurin harsashi ba ne. Mai da kananzir na iya shiga harsashi su lalata shi.

Abu na uku, in akwai ɗan littafi cikin kwalin, kada ka yar. Ko da Faransanci aka rubuta shi, ka duba zanen da ke ciki. Ka nemi malamin makaranta ya fassara maka.

Kayan aiki

Ba su da tsada. Yawancinsu akwai su a gida ko a kasuwar ƙauye.

Tsummoki masu tsabta na auduga, da yawa. Fari ya fi, don a ga dauɗa.

Kananzir, kamar rabin lita.

Tsohon burushin haƙori.

Tsinken icce, don sakace lunguna.

Sanda siririya miƙaƙƙiya ta icce, wadda ta fi bututu tsawo. In babu, igiya mai ƙarfi da ɗan abu mai nauyi a bakinta.

Tsohon kwano ko gwangwani wanda ba za a ƙara cin abinci a ciki ba.

Man bindiga. In babu, man keken ɗinki.

Tabarma ko buhu mai tsabta, don kada kaya su taɓa rairayi.

Abubuwan da ba a amfani da su

Kada ka yi amfani da esansi, wato fetur. Gaskiya yana narkar da giris da sauri. Amma tururinsa na bin ƙasa, ya kai murhu ko wutar taba da ke nesa, wuta ta biyo shi har hannunka.

Kada ka gasa bindiga a wuta don giris ya narke. Wuta na canza ƙarfin ƙarfe. Tana kuma iya sakin lilin da ya haɗa sassan bututu.

Kada ka kankare da wuƙa, ko rairayi, ko toka, ko takardar gogar ƙarfe. Baƙin launin da ke jikin bututu ba ado kaɗai ba ne. Yana taimakawa wajen tsare tsatsa. In ka kankare shi, ka buɗe wa tsatsa ƙofa.

Kada ka tura sandar ƙarfe ko ƙusa cikin bututu. Tana yin zane a ciki, dauɗa ta riƙa maƙalewa a zanen.

Kada ka shafa man gyaɗa, ko man ja, ko man shanu, ko man kaɗe. Waɗannan na miya ne da jiki. A kan ƙarfe suna tsufa, su yi danƙo, su riƙe allura kamar yadda giris ya yi.

Yadda ake wankewa

Mataki na 1. Ka raba bindiga. Bindigar farauta mai karyewa ta kasu kashi uku: ɗan iccen da ke ƙarƙashin bututu, bututun kansa, da ƙota tare da gidan kunama. Ka cire ɗan iccen gaba, ka karya bindiga, bututu zai fita. Iyakarka ke nan. Kada ka kwance cikin gidan kunama. Akwai ƙananan ƙarafa masu tsalle a ciki. In ɗaya ya faɗi cikin rairayi, ko ka mai da shi ba daidai ba, bindiga ta zama abin tsoro. In ka ga giris ya cika can ciki, ka kai wa mai gyaran bindiga da ya san aikinsa.

Mataki na 2. Ka bar rana ta taimake ka. Irin wannan giris na narkewa in zafi ya kai wajen digiri 50. A ƙasarmu, watan Afrilu da na Mayu, zafin inuwa ma yana wuce digiri 40. Ƙarfen da ke kwance a rana ya fi haka nesa. Ka shimfiɗa buhu, ka jingina bututu bakinsa na kallon ƙasa, ka sa tsumma a ƙarƙashi. Bayan awa ɗaya ko biyu za ka ga giris na tsiyaya. Ka riƙe da tsumma, don ƙarfen na ƙuna. Ka zaɓi ranar da ba iska mai ƙura. Mutanen ƙasashen sanyi sai sun dafa ruwa kafin su yi wannan aiki. Mu Allah ya ba mu rana kyauta.

Mataki na 3. Ka goge da busasshen tsumma tun giris na da laushi. Yawancinsa zai fita a nan. Tsumma in ya cika, ka ɗauki wani.

Mataki na 4. Ka koma inuwa, a fili inda iska ke kaɗawa. Ka bari ƙarfe ya huce. Ka tabbata ba murhu, ba fitila, ba mai shan taba kusa. Ka zuba kananzir kaɗan a gwangwani. Ka jiƙa tsumma ka goge bayan bututu. Ka sa burushi a lunguna, wajen maƙallai da wajen ɗan ƙarfen da ke turo kwanso waje bayan halbi. Inda burushi bai kai ba, ka naɗa ƙyalle a tsinken icce.

Mataki na 5. Cikin bututu. Nan ne aikin ya fi muhimmanci. Ka yanka tsumma ƙanana, kamar faɗin tafin hannu. Ka jiƙa ɗaya da kananzir, ka tura shi da sanda daga gindi zuwa baki. In igiya gare ka, ka saki nauyin ta gindi ya fito ta baki, sannan ka jawo ƙyallen. Kullum daga gindi zuwa baki, don dauɗa ta fita waje. Kada ƙyalle ya yi girman da zai maƙale. Na farko zai fito baƙi ƙirin ko ja. Ka yar da shi, ka sa sabo. Ka yi ta yi har ƙyalle ya fito fari kamar yadda ya shiga. Ko sau 10 ne, ko sau 20, kada ka gaji. In bindigar mai baki biyu ce, kowane bututu da nasa wanki.

Mataki na 6. Mazaunin harsashi. Ya fi sauran bututun faɗi kaɗan, saboda haka ƙyalle na wucewa bai goge shi sosai ba. Ka naɗa tsumma a yatsa ko a ɗan icce, ka murza a ciki. Ka kula da ƴar gaɓar da bakin kwanso ke zama. Giris na son ɓuya a nan.

Mataki na 7. Fuskar gidan kunama, inda ramin allura yake. Ka riƙe ƙota a sama, fuskar na kallon ƙasa. Haka dauɗa za ta zubo waje, ba za ta koma ciki ba, kuma kananzir ba zai shiga icce ba. Ka goge da burushi mai ɗan danshi. Ka duba allura ta koma cikin raminta, ba ta leƙo ba.

Mataki na 8. Icce. Kada ka jiƙa ƙota cikin kananzir ko ruwa. Icce na sha, ya kumbura ko ya yi laushi. Ka goge shi da busasshen tsumma. In ya sha giris, ka naɗe shi da tsumma, ka ajiye a rana ɗan lokaci kaɗan. Za ka ga yana zufar mai. Ka goge, ka mai da shi inuwa. Gobe ka sake. Kada ka bar shi yini guda a rana, zai tsage. Wani icce yakan yi makonni yana fitar da mai lokacin zafi. Ba komai, ka riƙa gogewa.

Mataki na 9. Ka busar da komai da sabon tsumma. Sannan ka ɗaga bututu wajen haske, ka leƙa ta gindi. Ya kamata ka ga ciki na ƙyalli kamar madubi, zagaye sumul, ba tabo, ba zare, ba guntun ƙyalle. In ka ga rami, ko kumburi, ko tsaga, kada ka halba. Ka mai da ita wurin wanda ya sayar maka.

Mataki na 10. Sabon mai. Yanzu ƙarfe tsirara yake, tsatsa na iya kama shi cikin kwana kaɗan, balle da damina. Ka ɗiga mai kaɗan a ƙyalle, ka shafa bayan ƙarfe duka. Ka ɗiga ɗigo ɗaya a inda bindiga ke karyewa. Ka wuce da ƙyalle mai ɗan mai cikin bututu sau ɗaya. Ga ma'auni: in ka taɓa ƙarfe, yatsanka ya yi ɗan sheƙi, ya isa. In mai na gudu, ya yi yawa. A ƙasar ƙura, mai kaɗan ya fi mai da yawa. Ranar da za ka yi halbi kuma, ka fara wucewa da busasshen ƙyalle cikin bututu da mazaunin harsashi.

Ka karanta abin da giris ya ɓoye

In giris ya fita, za ka ga lambobi da ƙananan tambari an buga a ƙarfen, wajen gindin bututu. Kai da ka koyi karatu da ƙidaya, yau za su yi maka rana.

Akwai doguwar lamba, ita ce lambar bindigar. Ka gwada ta da wadda ke rubuce a takardarka. Su zama ɗaya, ba bambanci ko na lamba guda. Ka kuma rubuta ta a wata takarda ka adana, saboda ranar ɓata ko sata.

Akwai lambar faɗin bututu: 12, ko 16, ko 20. Abin lura, ƙaramar lamba ita ce babban bututu. Mai lamba 12 faɗin cikinsa wajen milimita 18 da rabi ne. Mai lamba 20 ya fi shi matsi. Kada ka taɓa haɗa harsasai iri biyu a aljihu ɗaya. Harsashi mai lamba 20 na iya zamewa ya shige cikin bututu mai lamba 12, ya tsaya a can. Kai kuma ka ga mazauni ba komai, ka sa mai lamba 12 a bayansa, ka halba. Bututu ya fashe.

Akwai lambar tsawon mazaunin harsashi: 65, ko 70, ko 76. Milimita ne. In ka ga 12/70, ma'anarsa lamba 12, tsawo 70. Ka duba kwalin harsashi, shi ma an rubuta. Wannan tsawo na kwanso ne bayan ya buɗe da halbi. Shi ya sa harsashi mai 76 ke iya shiga mazauni mai 70 salin-alin, ka zaci daidai ne. Amma in ya tashi, ba shi da wurin buɗewa, sai turi ya yi yawa. Gajere na shiga dogo. Dogo kuwa ba a sa shi cikin gajere.

Ƙananan tambarin kuwa shaida ce cewa an gwada bututun da turi fiye da na kullum kafin a sayar. A Faransa, gidan gwajin yana Santetiyan, tun shekarar 1782. Amma ka sani, da bututu mai tsabta aka yi gwajin. Tambari ba ya tsare wanda ya bar toshiya.

Halbin farko

Ka mai da sassa uku wurinsu. Ka buɗe ka rufe sau da yawa ba harsashi. Ka ji ta rufu gam, ba girgiɗi. Kada ka yi ta jan kunama bindiga ba komai, allura na iya karyewa.

Ka je wurin da aka yarda, nesa da gari, nesa da hanya da garke. Ka samu tudu ko gaɓar ƙasa a bayan abin da za ka halba. Kowa ya tsaya a bayanka. Ka sake leƙa bututu, sannan ka sa harsashi ɗaya.

In ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka juyo da ita, kada ka leƙa bakinta. Ka ci gaba da nuna ta gaba, ka ƙirga har 60 a hankali. Wani harsashi yakan yi jinkiri sannan ya tashi. Bayan haka ka karya ta ka cire shi. In kuma ƙarar halbi ta fito ƙasa-ƙasa ba kamar kullum ba, ka tsaya. Wataƙila wani abu ya rage cikin bututu. Ka duba kafin ka sa na biyu.

Bayan aiki

Kananzir mai dauɗa kada a zuba shi kusa da rijiya, ko tabki, ko inda dabbobi ke sha. Kada a sa shi a fitila ko a murhu. Kada kuma a ajiye kananzir cikin kwalbar lemo ko butar ruwa. Yara na ɗauka su sha. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, don yana iya shiga huhunsa. A kai shi gidan likita nan da nan. Tsummokin ma a kawar da su daga inda yara da awaki ke kai wa. Kai kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci.

Ka ajiye bindiga ba harsashi a ciki, a wurin da ke kulle. Harsasai a wani wuri dabam, su ma a kulle. Da damina kada ka bar ta cikin kube na fata, fata na riƙe danshi. Wasu na toshe bakin bindiga da tsumma don ƙura ko don zanzaro, wanda ke gina ɗakinsa na laka cikin kowane rami. Ranar gaggawa sai a manta da tsumman. Gara ka naɗe bindigar duka cikin zane. Kuma duk ranar da za ka fita, ka leƙa bututu tukuna.

In za ka yi doguwar tafiya, kamar cin rani, bindiga za ta yi watanni ba a taɓa ta ba, to a nan giris na da amfani. Kana iya shafa mata. Amma ka ɗauki ƴar takarda ka rubuta: AKWAI GIRIS CIKI. Ka ɗaura a kunama. Ranar da ka dawo, ko ranar da ƙanenka ya ɗauka, takardar za ta yi magana.

Wannan ilimi bai tsaya ga bindiga ba. Sabuwar garmar shanu, keken ɗinki, injin niƙa, duk sukan zo da irin wannan maiƙo. Na injin niƙa ma a kula ƙwarai, a wanke duk inda hatsi ke bi kafin a niƙa na ci.

Mu tuna

Giris na masana'anta na tsare tsatsa a hanya, amma haɗari ne lokacin halbi. A duba ba harsashi. A narkar da rana, a wanke da kananzir a inuwa, nesa da wuta. A goge bututu har ƙyalle ya fito fari. A shafa mai kaɗan. A karanta lambobi. Aikin ba ya wuce yini ɗaya. Hannun da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Don me ake shafa giris a sabuwar bindiga?
2. Me ke faruwa in an yi halbi da giris cikin bututu?
3. Don me ba a wanke bindiga da esansi?
4. In an rubuta 12/70 a bututu, wane harsashi ne bai kamata a sa ba?
5. In yaro ya sha kananzir, me za a yi, me kuma ba za a yi ba?

Ku tattauna waɗannan tsakaninku. Kowa ya gwada rubuta amsa ɗaya da hannunsa. Allah ya tsare mu, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.